MASHAYI YA TAMBAYE NI: MALAM, INA IRINA KA ZAMA?



Godiya ta tabbata ga Allah, Mai karɓar tuban bayinSa dare da rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu bibiyar wannan shafi:

Kwanakin baya, bayan na dawo daga sallar Asuba, na buɗe waya na tarar da saƙon murya daga wani matashi. Ya ce shi mutumin Unguwar Lalle ne, ta ƙasar Sabon Birni. Bai faɗi sunansa ba, ni ma ban tambaye shi ba. Daga baya ya yarje mini in kawo maganar nan saboda masu irin halinsa. Ga abin da ya ce da harshensa na Gobir:

"Malam, ni mashayi ne. Giya nika sha. Can kudu na koyo ta wurin ci-rani. Da na dawo gida na bari. Amma tun randa anka shigo kasuwarmu anka kashe mutane gaban idona, ban ƙara barcin kirki ba, sai na sha nika samun runtsawa. Na tuba ya fi sau goma. Na dafa Alƙur'ani na rantse, ban yi sati biyu ba na koma. Uwata ta yi kuka har ta gaji. Malam, kada ka ce mini haramun ta, wallahi na sani. Abin da nika tambaya, akwai wani wuri inda irina ka zama su taimaki juna? In na shiga masallaci gani nikai kowa ni shika kallo."

Na saurari saƙon nan sau uku. Mun saba a tambaye mu hukunci, mu kawo aya, mu kawo hadisi, mu ce Allah Ya shirya. Wannan bawan Allah ya riga ya san hukuncin. Ƙofar fita yake nema. Kuma na tabbata ba shi kaɗai ba ne, daga Unguwar Lalle har Gatawa, daga Isa har cikin garin Sabon Birni.

HALIN DA ƘASAR TAKE CIKI

Duk wanda ya san gabashin Sakkwato ya san abin da mutanen Gobir suka gani a 'yan shekarun nan. An kai wa kasuwar Unguwar Lalle hari a watan Oktoba na 2021. A watan Disamba na shekarar aka ƙone matafiya a cikin mota a kan hanyar Sabon Birni. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun bar gonakinsu, wasu suna cikin garin Sakkwato, wasu sun tsallaka jihar Maraɗi. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina.

Saurayin da aka raba da gonarsa, aka kore masa shanun huɗa, ya binne ɗan'uwansa da hannunsa, ya kwana a daji yana jin ƙarar bindiga, wannan in dare ya yi zuciyarsa ba ta kwanciya. Shaiɗan kuma ba ya zuwa wa mutum ya ce zo ka saɓa wa Allah. Cewa yake yi, sha wannan ka samu barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada wani ya ce ai jihar Sakkwato tana kan Shari'a tun shekarar 2000, ina giya take. Tana nan. Akwai burkutu, akwai ogogoro, akwai ta leda da ta ƙananan kwalabe wadda yaro zai sa a aljihu ba wanda ya gani, irin wadda hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hanawa a farkon 2024. Sannan ga ƙannenta: tramol, kodin, sholisho, tabar wiwi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sha'anin miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a cikin shekara guda, kuma a duk mutum huɗu ɗaya mace ce. Wannan lissafin ma ba a sa giya a ciki ba. Don haka duk abin da zan faɗa a kan giya, mai tramol da mai kodin su ma su ɗauka da su nake.

YADDA MUSULUNCI YA RABA LARABAWA DA GIYA

Haramcin giya abu ne da babu saɓani a kansa tsakanin malamai, kuma tana cikin manyan zunubai. Wannan mun gama da shi. Amma mu duba yadda aka yi aka raba mutanen farko da ita, domin akwai darasi.

Larabawa sun tashi cikin giya, suna yi mata waƙa, suna alfahari da ita. Allah bai fara da hani kai tsaye ba. A Suratul Baƙara, aya ta 219, an sanar da su cewa zunubin da ke cikinta ya rinjayi amfaninta. A Suratun Nisa'i, aya ta 43, aka hana su kusantar sallah suna cikin maye, sai lokacin sha ya ƙuntata. Sannan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, hani na ƙarshe ya sauka. Uwar Muminai A'isha (RA) ta bayyana, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, cewa da hanin giya ne farkon abin da ya sauka, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Sai da aka gina imani a zukata tukuna.

A kula, wannan ba ya nufin yau wani zai ce shi ma yana matakin Baƙara, bari ya ci gaba da kurɓa kaɗan kaɗan. Hukunci ya riga ya cika. Darasin shi ne Wanda Ya halicci ɗan Adam Ya san sabo yana da ƙarfi, kuma cire shi yana buƙatar aiki.

Ga darasi na biyu, wanda ba mu cika lura da shi ba. Anas bin Malik (RA) ya ba da labarin ranar da hanin ya sauka. Shi ne yake zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha, sai suka ji mai shela. Nan take aka ce ya fita ya zubar, har ta kwarara a lungunan Madina. Wato majalisa guda ce ta ajiye ƙoƙo a lokaci guda. Washegari babu wanda ya fito ya tarar da abokansa suna miƙo masa. Kowa ya bari, kowa yana ƙarfafa kowa.

To shi wannan yaro na Unguwar Lalle fa? Ya tuba cikin dare shi kaɗai, ya yi kuka shi kaɗai. Da gari ya waye mutanen kirki suka ɗauke masa kai, 'yan majalisarsa ta da kuwa suka tashi suka ba shi wurin zama. Ku gaya mini, ina zai nufa?

MUTUM UKU DA YA KAMATA KOWANE MAI WA'AZI YA SANI

Na farko, wani sahabi da ake kira Abdullahi, mai yawan ba Annabi (SAW) dariya. An sha kawo shi saboda giya ana yi masa bulala. Wata rana da aka sake kawo shi, wani daga cikin mutane ya tsine masa saboda yawan kawo shin da ake yi. Annabi (SAW) ya hana tsinuwar, ya shaide shi da cewa yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ta Bukhari, da aka yi wa wani mashayi mummunar addu'a, Annabi (SAW) ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. An tsayar da haddi, ba a yi sassauci a kansa ba, amma ba a kori mutumin daga cikin jama'a ba.

Na biyu, wani mutumin Sham da ya saba zuwa wurin Sayyidina Umar (RA). Ibn Kasir ya kawo labarin a farkon tafsirin Suratu Gafir. Umar ya daina ganinsa, ya tambaya, aka ce ai giya ta ɗauke shi. Sai ya sa aka rubuta masa wasiƙa da ayoyin farkon surar, masu ambaton gafarar Allah da karɓar tubanSa da tsananin azabarSa, kuma ya ce wa waɗanda ke zaune su yi masa addu'a. Mutumin ya yi ta maimaita karatun wasiƙar har ya fashe da kuka, ya bari, barin gaske. Da labari ya dawo, Umar ya ce haka za a riƙa yi in an ga ɗan'uwa ya zame. Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne Umar ya lura mutumin ya ɓace. Mu a masallatanmu wani zai yi wata shida ba ya sahu, ba wanda ya tambaya.

Na uku, Abu Mihjan Assaƙafi. Jarumi ne, amma giya ta fi ƙarfinsa, an sha yi masa haddi. A yaƙin Ƙadisiyya yana ɗaure a wurin Sa'ad bin Abi Waƙƙas (RA). Ya roƙi matar Sa'ad ta kwance shi bisa alkawarin zai dawo in ya rayu. Ya hau dokin Sa'ad ya yi yaƙi irin na mazaje, ya dawo ya mayar da ƙafarsa cikin mari. Da Sa'ad ya gane, ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, shi kuma ya ce ya bar giya har abada. Abin da bulala ta kasa, girmamawa da amincewa suka yi shi.

ME YA SA RANTSUWA KAƊAI BA TA ISA?

Ɗan'uwa, ka dafa Alƙur'ani sau goma ka karya. Wannan ba ya nuna kai munafuki ne. Likitoci sun yi bayani cewa wanda ya daɗe yana sha, jikinsa da ƙwaƙwalwarsa suna sabawa har su kasa zama daidai in babu. Ranar da ya bari sai hannu ya kama rawa, gumi ya karyo, zuciya ta yi ta bugawa, barci ya ƙaurace. Zunubi ne, kuma ciwo ne. Annabi (SAW) da kansa, da Ɗariƙ bin Suwaid ya ce yana haɗa ta ne don magani, ya gaya masa ita cuta ce, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim.

Sannan ka tuna hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari. Malamin da ya ba shi fatawa bai tsaya a cewa ƙofar tuba a buɗe take ba. Ya umarce shi ya bar garinsa ya tafi wani gari inda ake bauta wa Allah, ya bauta tare da su. Tuba tana buƙatar sabuwar majalisa. Hausawa ma sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

ZAMAN DA WANNAN YARO YAKE TAMBAYA

Abin da yake nema akwai shi a duniya. A 1935, a garin Akron na Amurka, wasu mashaya biyu, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, suka gano cewa in mashayi ya zauna da mashayi ɗan'uwansa suka gaya wa juna gaskiya, sun fi iya haƙuri da kwalba fiye da in kowa yana shi kaɗai. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, yau tana ƙasashe da yawa. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a tambayar cikakken suna, kuma abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake tsayawa. A 1989 Musulmin birnin Baltimore suka kafa irin nasu mai suna Millati Islami, suka gina shi a kan tauhidi da sallah da tuba.

Wani zai ce Malam, wannan ai abin Turawa ne. To mu dawo gida. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a ƙasar Gobir aka haife shi, a Maratta, a Degel ya tara jama'arsa, kuma da zaman karantarwa ya fara gyara mutane shekaru masu yawa kafin a zare takobi. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru: ta naɗa jajis, mata dattijai, suna tattaro matan ƙauyuka ƙungiya ƙungiya, mace tana karantar da mace 'yar'uwarta. Manomi a Gobir ya san gayya, matan gida sun san adashi. Duk abu ɗaya ne: abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a taru a kama masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma Allah Ya umarce mu da taimakon juna a kan aikin kirki da taƙawa a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida, surar da haramcin giya ya sauka a cikinta.

Wani kuma zai ce, ashe ba tona asirin kai ba ne, alhali an hana bayyana zunubi? Tambaya ce mai kyau. Abin da hadisi ya zarga shi ne mutumin da Allah Ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye yana ba da labari yana taƙama. Amma wanda ya faɗi ciwonsa don neman magani, wannan daban. Mutum ya zo wa Annabi (SAW) yana cewa ya halaka, ya sadu da iyalinsa da rana a Ramadan, aka nuna masa mafita. Sharaɗin shi ne a faɗi gwargwadon buƙata, ga wanda zai taimaka, ba tare da ƙawata saɓo ba.

YADDA ZA KA NEMI WURIN

Na ɗaya, fara da asibiti in kai mai sha ne kullum. Wannan maganar rai ce, ku riƙe ta da kyau. Wanda ya shekara yana sha kowace rana, in ya yanke lokaci guda, a cikin kwana biyu zuwa uku zai iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, ko ya ruɗe yana ganin abin da babu, kuma ana mutuwa a haka. Mutanenmu sai su ce aljanu ne, a yi ta hayaƙi har rai ya fita. A yi ruƙiyya, ba laifi, amma a kai shi asibiti. Ka je babban asibitin Sabon Birni ko na Isa ka gaya wa likita gaskiyar abin da kake sha da yawansa. In abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware, akwai kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Zuwa Kware ba ya nufin ka haukace. Rashin barcin nan da firgitar da kake yi tun ranar kasuwa, su ma ciwo ne da ake dubawa a can. Ka faɗa musu.

Na biyu, kafin ka baro asibitin ka buɗe baki ka tambayi likita ko ma'aikacin jinya: akwai zaman da masu irin matsalata suke yi, yaushe ne, a ina? Su ne suka fi kowa sanin waɗanda suka warke. Hukumar NDLEA ma, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Wanda ya kai kansa neman taimako daban yake da wanda aka kama da kaya.

Na uku, ka duba garinku da idon basira. Akwai wanda kowa ya san da can yana sha, yau shekara biyar yana sahun gaba. Wannan mutumin ka nema. Ka same shi shi kaɗai ka ce, Baba, ko Yaya, yaya ka yi? Ba zai yi maka dariya ba, ya san ɗacin abin. Ku biyun nan kun isa a fara.

Na huɗu, in kana ci-rani a Legas ko Abuja ko Fatakwal, ka tambaya a asibitocin da ke duba masu shaye-shaye, za a nuna maka inda ake zama. In ka tarar zaman ya haɗa Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, ka zauna ka amfana, ka kiyaye aƙidarka. In sun ambaci wani ƙarfi da ya fi naka, kai ka san Allah ne Shi kaɗai. In suna wata addu'a da ba taka ba, ka yi shiru ka yi taka.

IN ZA KU KAFA NAKU

Ba a buƙatar ofis ko rajista ko kuɗi. Zaure da tabarma sun isa. Amma ga sharuɗɗa:

1. Ku sanar da liman da mai gari tun kafin ku fara. Kun san halin da ake ciki. Samari biyar su riƙa shiga zaure suna rufe ƙofa ba wanda ya san dalili, gobe a ce masu kai wa 'yan bindiga rahoto ne, a rasa rai a banza. Liman ya san da zaman, in ya yiwu a zaurensa za a yi.

2. Ku sa lokaci tsayayye, sau ɗaya ko biyu a mako, tsakanin La'asar da Magariba. Lokacin ne ƙishin abin ya fi taso wa da yawa, kuma kowa zai koma gida da sauran haske. Ku tashi tare ku yi Magariba cikin jam'i.

3. Ku buɗe da karatun Alƙur'ani ko hadisi guda, sannan kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce: kwana nawa ya yi bai sha ba, ina ya kusa faɗuwa, me ya tsare shi. In mutum yana magana ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi. Wanda bai shirya magana ba ya yi shiru, zuwansa ma nasara ce.

4. Amana. Abin da aka faɗa a zauren ba ya fita, ko ga matarka. Ba a ɗaukar murya, ba a ɗaukar hoto. In kun buɗe zaure a WhatsApp don waɗanda suka yi hijira zuwa Sakkwato ko Maraɗi ko Gidan Rumji, sharaɗin ɗaya ne. Wanda ya rufa asirin Musulmi Allah zai rufa nasa duniya da lahira.

5. Ba a ambaton inda ake sayarwa, ba a ba da labarin daɗin maye. Wanda ya zo a buge a zaunar da shi gefe cikin mutunci, a ce ya dawo gobe.

6. Kowa ya samu mutum ɗaya da zai iya kira ko ya buga wa ƙofa ko da tsakar dare ne in abin ya motsa. Ƙishin nan yana tasowa ya kwanta. In ka samu wanda zai zauna da kai na ɗan lokaci, sau da yawa ka tsallake.

7. Ku yi ɗan asusu, kowa abin da ya sawwaƙa, don kuɗin motar wanda zai je Kware. Kuɗin da da can kwalba ke cinyewa ne.

8. Mata su yi nasu daban, ƙarƙashin malama ko dattijuwa mai riƙon amana. Akwai matan aure da zawarawa da kodin ya kama a cikin ɗaki, ba su da wanda za su gaya wa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

RANAR FARKO, DA RANAR DA KA FAƊI

Ranar farko ƙafarka za ta yi nauyi. Shaiɗan zai ce kowa zai gan ka. Ɗan'uwa, lokacin da kake tangaɗi a hanya an riga an gan ka. Yi alwala, ka yi raka'a biyu, ka tafi. Kada ka ɗora wa kanka lissafin shekaru. Ka ce yau ɗin nan, daga Asuba zuwa Isha, ba zan sha ba, da ikon Allah. Gobe ka sake.

In ka zame ka sha, kada ka ɓuya. Wannan makon ne ka fi buƙatar zaman. Ka zo ka faɗa, a duba me ya jawo: wace hanya ka bi, wa ka haɗu da shi, wane baƙin ciki ne ya taso. Sannan a sake lissafi daga ɗaya.

Akwai wani kuskure da ya halaka samari da yawa. Sun ji hadisin da ya ce ba a karɓar sallar mashayi kwana arba'in, sai su ce to me ya rage, su bar sallar gaba ɗaya. Malamai sun bayyana cewa ladan ne ake hana shi, amma wajibcin sallar yana nan a wuyansa, in ya bari ya ƙara wani babban laifin a kan na farko. Kuma ruwayar da kanta ta nuna in ya tuba Allah Yana karɓar tubansa. Da zarar hankalinka ya dawo, yi tsarki ka yi sallah. Igiyar da ta rage maka ke nan, kada ka sake ta.

GA IYAYE, DA MATAN AURE, DA MU MALAMAI

Iyaye, na san zafin da kuke ji. Amma ku daina tsine wa 'ya'yanku, bakinku yana kama su. Kuma ku yi hattara da wuraren da ake ɗaure yara da mari ana dukansu da sunan gyara. Duk mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura a 2019. Sarƙa tana tsare ƙafa, ranar da aka kwance ta yaron yana fitowa da ciwonsa, ga kuma ƙiyayya ta ƙaru. Kada ku ba shi kuɗi a hannu, ku ba shi abinci, ku raka shi asibiti, ku tuna masa ranar zama.

'Yar'uwa matar mashayi, haƙurinki yana da lada, amma Musulunci bai ce ki zauna ana dukanki ba. In yana cutar da ke ko yara, ki sanar da waliyyanki, ki nemi tsari. Taimakonsa ba ya hana kare kanki.

Mu kuma limamai da masu wa'azi da 'yan Hisba, mu ji tsoron Allah. Mun iya fasa kwalabe, kuma aiki ne mai kyau. Amma bayan an fasa, mai ƙishin yana nan. Wane ne a cikinmu ya taɓa cewa a kan mumbari, duk mai fama da shaye-shaye ya same ni a gida, asirinsa a rufe? Wane ne ya taɓa ba da zaurensa? In mashayi ya shigo masallaci, matsa masa a sahu, ka ba shi hannu bayan sallama. Wataƙila wannan musafahar ce za ta dawo da shi gobe.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na Unguwar Lalle, na mayar masa da amsa da abin da kuka karanta. Ya ce akwai wani dattijo a unguwarsu da ya bari tun da daɗewa, kuma zai same shi. Ban ce ya warke ba, hanya ce mai tsawo, amma ya daina tafiyar shi kaɗai. Ina roƙon duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, kamar yadda Umar ya sa aka yi wa mutumin Sham.

Ya Allah, Ka yaye wa 'yan'uwanmu wannan jarrabawa. Ka sanya musu ƙin abin da Ka haramta, Ka musanya musu da abokan kirki. Ka sanyaya zukatan iyayensu. Ka dawo da zaman lafiya Sabon Birni da Isa da dukkan ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya, Ka mayar da masu gudun hijira gidajensu da gonakinsu. Ka rufa mana asiri, kada Ka jarrabe mu da abin da muke aibata wasu da shi.

Wanda ya san mai irin wannan hali ya tura masa a asirce, kada ya kira sunansa a bainar jama'a.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.